Ɓera Mai Almakashi

"Lafiya lau, Hajiya, alhamdu lillahi. Ya ƙafar taki? Shigo, shigo daga ciki. Af! Ashe ba ke kaɗai ba ce. Wannan tsohon kayan fa, a wace kwana kika tsinto shi?"

Tsohon kayan da Tela yake nufi Auta ce, ƙanwar maigidana, Allah Ya jiƙansa. Tana bayana tana haki, don matakala uku ce a ƙofar shagon, kuma gwiwarta ba ta shiri da ko ɗaya. Shi Tela ɗan kawunta ne, ita 'yar goggonsa, saboda haka tun suna yawo ba takalmi ba su taɓa gaisawa irin ta mutanen kirki ba. Yanzu dukansu sun ba sittin baya, furfura ta gama da su. Bakin ne dai bai tsufa ba.

Littafi ne ya kawo mu. Maigidana mai gyaran agogo ne, kuma Allah Ya ɗora masa son littattafan nan na mutanen da ke shiga jirgi su bar duniya, su yi ta yawo a tsakanin taurari. Ba da Hausa aka rubuta su ba. Bayan la'asar yakan zauna a tsakar gida, ya karanta layi a zuci, ya juya mana shi da bakinsa. Akwai guda uku da muka fi so, labari ɗaya ne a jere. Na ukun ya tsufa har bayansa ya ɓalle, takardu suna zubowa, shi ne Auta ta ba Tela ya ɗinke mata. Washegari ɗanta zai zo ya tafi da ita can inda yake aiki, ta zauna da su gaba ɗaya, kuma tana so jikokinta su riƙa karanta mata. Wata uku ke nan littafin yana hannun Tela.

Ni na san abin da ya riƙe shi. Ana gobe za mu zo ya same ni a gida, ya zauna a bakin ƙofa yana murza hularsa. Ya ce wurin jera takardun ya tsaya ya karanta na ƙarshe da ɗan bokon da ya rage masa, sai ya ga ƙarshen da ke rubuce ba shi ne wanda marigayi ya karanta mana ba. Tsohon Bakanike, mutumin da Auta ta fi so a labarin duka, wanda muka sani ya dawo gida lafiya, a takarda bai dawo ba. Ya ce, "Hajiya, shekara arba'in da biyar tana ba da labarin nan. In yaran can suka karanta mata gaskiya a baƙon wuri, ba ke ba ni, wa zai riƙe ta?" Na ce ya yi abin da ya ga ya dace, amma kada ya sa ni cikin ƙarya.

Don haka da muka shiga na zauna a bencin masu jiran ɗinki, na jawo carbina.

"Tsohon kaya?" in ji Auta, bayan numfashinta ya dawo. "Kai da keken nan naka wa ya girmi wani? Shi in an taka shi tari, kai in ka miƙe tari."

"Ki yi masa ladabi. Shi ya ɗinka miki kayan aure."

"Ya ɗinka kam. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na wuni ina ɓoye na hagu a cikin mayafi."

"Hannunki ne ba daidai ba. Na auna, na sake aunawa. Tun ranar na ce wa Goggo a mayar da ke a gyara, ta ce an makara."

"Yaro, ba surutu ya kawo ni ba. Ina littafina?"

"Wane ne yaro? Wata bakwai na ba ki cif."

"Wata bakwan a kwance ka yi su kana tsotsar yatsa. Littafina."

"Wai da gaske gobe za ki tafi? Bari in sa a share titi. Kajin unguwa ma za su yi ƙiba, ba mai korarsu da tsawa."

"Kai za ka rame. In na tafi wa zai riƙa gaya maka gaskiya? Littafina na ce."

"Ke da littafi! Ke da in an miƙa miki takarda sai kin tambayi ina ne samanta."

"Ni kunne Allah Ya ba ni. Kai mai ido, da ka yi aji shida, me ka tsinana? Ka rubuta awon mutane a bango, aka zo aka yi fenti, ka ɗinka wa mai unguwa wandon ɗan shekara goma."

"Ya sa shi kuwa. Ya ce bai taɓa jin iska irin ta ranar ba."

"Wata uku, Tela. A wata uku Akwala ta wuce taurari goma sha ɗaya, da injin da ke yoyo."

"Su ai ba su da mai zuwa ta yi musu tsaye a ka."

"Suna da Gwangwani, ya fi ni naci."

Sunayen mutanen littafin ba sa faɗuwa a bakinmu, shi ya sa muka raɗa musu namu. Jirgin Akwala muke ce masa, don kullum sai wani abu ya ɓalle a jikinsa. Akwai Kyaftin, mace ce, sau biyu ta yi dariya a littafi uku, mun ƙirga. Akwai Likita, mai tsoron duhu, mai tsoron tsawo, mai tsoron marasa lafiya. Akwai Gwangwani, mutum-mutumin ƙarfe da aka ƙera shi bai iya ƙarya ba, kullum shi ke haɗa faɗa a jirgin. Sai Tsohon Bakanike, wanda zai wuni yana zagin injinsa, in sanyi ya sauko kuma ya cire bargonsa ya lulluɓa masa. Ni abin da ya dame ni da farko alƙibla ce. Mutum yana bayan wata, ina zai fuskanta? Maigidana ya ce in bari sai mun je can ma tambaya.

"Ni dai," in ji Tela, yana lalubar allura a ƙirjin rigarsa don kada ya dube ta, "tun can ba don mutanen nake zama ba. Injinan nake so. Ilimi. Ku kuna jiran a yi kuka, mu muna nazarin yadda jirgi ke tashi."

"To masani, da me Akwala ke tashi?"

"Da wani abu ne mai shuɗi, a cikin tulu."

"Sunansa?"

"Sunan ba ya faɗuwa da safe."

"A taurari nawa suka sauka?"

"Da dama."

"To me ya sa Kyaftin ba ta cin abinci da jama'a?"

"Ai saboda kujerar ƙaninta ce ke kallon tata, ƙanin da ta sauke a tashar farko saboda ya karya doka. Ta hana a ɗauke kujerar, ta hana a zauna a kai. Sai ranar da Likita ya manta ya zauna, kowa ya ajiye cokali, ita kuma ta ɗago kai ta ce..." Ya tsaya, don ya ga yadda take kallonsa.

"Ci gaba, mai nazarin inji."

"Wannan a gefe na ji shi."

"A gefe! Ba kai ne ranar da aka rufe Likita a ɗakin duhu ka miƙe tsaye kana cewa Yaya ya yi sauri ya juya shafi kafin numfashin mutum ya ƙare ba? Har ka taka min ƙafa."

"Tausayi ne irin na manya."

"Tausayin ɗan'uwa dai. Kai da Likita uwa ɗaya uba ɗaya. Kare ya yi haushi a wancan layin, kai ka shige bayan randa a wannan."

"Ke kuma Gwangwani ce sak. Magana ba ta kwana a cikinki. Wa ya gaya wa babana ni na fasa fitila?"

"Kai ka fasa ta."

"Abin da nake faɗa ke nan. Shi ma Gwangwani gaskiya yake faɗa, kuma ba mai son zama kusa da shi."

Inda ta kama shi ɗin nan, mu duka haka muke. Ba wanda ya riƙe sunan tauraro ko ɗaya a cikinmu, amma mun san mai minshari a jirgin, mun san mai ɓoye sukari a cikin safa. In maigidana ya zo inda aka cika shafi biyu da bayanin inji, sai ya ce, "Nan sun yi gyara," ya wuce, ba mai cewa uffan. In kuwa Bakanike da Kyaftin suka yi sa-in-sa a kan wanda ya bar ƙofa a buɗe, sai mun sa ya maimaita. Maƙwabta ma sukan shigo da kujerunsu. Wata tsohuwa da ke bayan gidanmu ba ta yarda an taɓa zuwa wata ba har ta koma ga Allah, amma in ta makara, tun daga zaure take tambaya ko Likita ya samu sauƙin cikinsa. Mutum bakwai ne a cikin akwati ɗaya, ba inda za su guje wa juna, dole su koyi zama. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san jirgin nan.

"To na ji," in ji Auta. "Miƙo."

Tela ya tashi kamar wanda za a cire wa haƙori. Ya jawo durowar da ke ƙarƙashin teburin yanka, ya fito da littafin. Aiki kam ya yi shi. Ya bi bayan da zare mai kauri, ɗinki a jere ba wanda ya fi wani, ya manna ƙyalle mai ruwan ƙasa a kai. Auta ta karɓa da hannu biyu. Ta shafa hoton bangon, inda Akwala ke ratsa wani jan hayaƙi, ta kai shi hanci.

"Har yanzu yana ƙanshin man agogo," ta ce, ba da kowa take ba.

Sannan ta auna shi a tafin hannu. Ta juya bayansa. Ta matsa shi da yatsa biyu.

"Ya rame."

"Tsufa ne. Kowa ya tsufa sai ya rame, ban da ke."

"Littafin nan na ɗauko wa Yaya shi daga ɗaki ya fi sau dubu. A ƙarshensa akwai shafin da shayi ya zuba, tabon ya yi kamar kan akuya. Ina yake?"

"Ɓera."

"Me?"

"Ɓera ya ci. Walla..." Ya dubi inda nake, ya haɗiye rantsuwar. "Ɓeraye sun dame ni a shagon nan. Wani ƙato ne, mai fari a wuya. Takarda huɗu ya ci, na can ƙarshe. Amma ba komai, ai kin san ƙarshen da ka. In yaran sun zo wurin sai ki ba su da bakinki."

"Ga yadin mutane jibge har rufi, ga auduga, ga ragowar burodinka a kan keke. Ɓera ya tsallake su duka, ya buɗe durowa, ya wuce shafi ɗari uku, ya zaɓi na ƙarshe?"

"Ɓeran ya yi makaranta. Irin marasa haƙurin nan ne, masu son sanin ƙarshe tun ba su fara ba."

"Ba ni tabaranka."

"Ki yi me da shi?"

Ba ta jira ba. Ta zare tabarau daga hancinsa ta ɗora a nata, ta matsa bakin ƙofa wurin haske, ta tale bangon baya ta sunkuya a kai. Ta daɗe tana dubawa.

"Matar Yaya, zo ki ga ikon Allah. Ɓeran nan a miƙe yake cin takarda. Ko tsini ɗaya bai bari ba."

"Haƙoransa ne masu kyau," in ji Tela.

"Kuma kafin ya fara ci, sai da ya ɗauko alli ya ja layi."

Ta goga yatsa a gindin takardun da aka cire, ta ɗaga mana shi. Ga shuɗin allin nan a kai. Shekara kusan hamsin Tela yana yanka, hannunsa bai taɓa yarda ya sa almakashi a jikin abu ba sai ya ja layi tukuna. Ko igiyar shanya zai yanke sai ya yi mata alama. Ya zo yin ɓarna ma, ya kasa yin ta a karkace.

"Ɓera mai alli, mai almakashi, mai fari a wuya," in ji Auta, tana kallon gemunsa. "Na gane shi. Ɗan kawuna ne."

Maimakon ya rama, Tela ya hau gyara zaman yadi a kan tebur, abin da ban taɓa gani ba a tsakaninsu. Ita ma ta lura. Ta cire tabaran a hankali, ta juyo wurina.

"Matar Yaya, ke ba kya ƙarya. Me ke cikin takardun nan?"

Na ce, "Ni ban iya karatunsu ba, Auta. Amma suna nan, ba abin da ya ci su. Ki ce ya karanta miki."

Tela ya dube ni kamar na tura shi rijiya. Ya cire hularsa, ya zaro takardu huɗu a ninke daga cikinta.

"A hula! Ƙarshen labarina yana shan zufar sanƙonka!"

"Nan ne ya fi tsaro a shagon. Ba abin da ke shiga."

"Na sani. Shekara sittin ba abin da ya shiga."

"Auta," ya ce. Rabon da in ji ya kira ta haka, ba ƙarin tsiya a gaba ko a baya, har na manta. "Ki bar shi. Ki tafi da wanda kika sani."

"Karanta."

"Ba irin na Mai Agogo ba ne."

"Na ce ka karanta. Ko in kai wa mai shagon magani ya karanta min a gaban jama'a, in ce kai ka kasa."

Ta miƙa masa tabaransa.

Ƙarshen da muka sani ga shi. Akwala ta maƙale a wata duniya ta ƙanƙara, ba za ta tashi ba sai wani ya fita waje ya riƙe wani famfo da hannu har injin ya kama. Tsohon Bakanike ya fita. Da jirgi ya fara ɗagawa Gwangwani ya jefa masa igiya, aka jawo shi ciki a sandare, aka lulluɓe shi. Da ya farfaɗo ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana godiya, ya rungume Kyaftin, suka dawo gida su bakwai.

Tela ya shimfiɗa takardun a kan teburin yanka, ya bi layi da yatsa, leɓensa yana motsi.

"Kyaftin ta ce a yi ƙuri'a, wanda ta faɗa wa shi zai fita. Bakanike ya ce to, amma a jira shi ya ɗauko hularsa a ɗakin inji. Sai ya... wannan kalmar ban san ta ba."

"Tsallake ta, yadda ka tsallake aji huɗu."

"Sai ya bi ta ƙofar baya ya fita, ya rufe ta daga waje, ya karya hannun ƙofar."

"Ɗan banzan tsoho," in ji Auta ƙasa-ƙasa. "Zai aikata."

"Suna ta kiransa a rediyo. Kyaftin ta ba shi umarni ya dawo. Ya ce shekara goma sha tara yana bin umarninta, rabinsu na shirme ne, yau zai huta. Gwangwani ya ce a jefa igiya. Bakanike ya tambaye shi, igiyar za ta kai? Gwangwani ya ce..." Tela ya tsaya.

"Bai iya ƙarya ba. Faɗi."

"Ya ce ba za ta kai ba."

A waje wani direba yana ta danna hon. Na ji carbina ya tsaya a hannuna.

"Sai injin ya kama. Akwala ta fara ɗagawa. Likita yana kuka a rediyo, yana roƙonsa ya faɗi wani abu, ko saƙo ne ga wani. Sai ya ce..." Tela ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar. "Ya ce, 'Bututun hagu yana yoyo, ku riƙa ɗaura masa tsumma duk safiya. Kada ku cika mata mai, shaƙewa take yi. Kuma wanda ya ɗauki ƙaramar sifanata ya mayar inda ya gan ta, na san shi.' Shi ke nan. Rediyo ya yi shiru. Sun iso gida su shida."

Auta ta lallaɓo ta zauna kusa da ni a benci, ta ja mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta suka fara rawa. Tela ya dube ni, irin kallon nan na ga abin da nake gudu. Na ɗora hannu a bayanta. Da ta yaye mayafin hawaye ne shaɓe-shaɓe, amma dariya take yi.

"Na san shi! Wallahi na san shi! Ƙaramar sifanata! Wannan shi ne Bakanike. Shekara arba'in da biyar ina ba da labarin nan, kuma duk sanda na zo wurin godiyar nan sai in ji harshena ya yi nauyi. Mutumin da aka ciro daga wuta a littafi na biyu, ya buɗe ido ya ce wa ya yaga masa riga? Shi ne zai bi mutane yana na gode, na gode? Har ya rungume Kyaftin? Cewa nake a raina ko sanyin ne ya taɓa masa kai."

Ta share fuska. Dariyar ta lafa.

"To me ya sa Yaya ya yi min haka?"

Na ce, "Kin tuna yaushe aka karanta ƙarshen?"

Na ga ta tuna. Kwana goma sha biyu ne da rasuwar Baba, surukina, mai gyaran injin niƙa, mutumin da bai taɓa yaba abinci ba kuma bai taɓa rage loma ba. Auta tana da shekara goma sha shida. Ta daina ci, ta daina magana, ta shige ɗaki. Maigidana ya ɗauko littafin ne don ta fito tsakar gida, ta kuwa fito.

Na ce, "Ina zaune ina tsintar shinkafa, ina kallon hannunsa. In yana karatu yatsansa bin layi yake yi. Ranar ya zo wani wuri sai yatsan ya tsaya. Ya dube ki, ya dubi takardar, ya ci gaba da magana har aka kira magariba, bai juya shafi ko ɗaya ba. Ban san abin da ya tsallake ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Na dai san ranar kin ci abinci."

"Kwano biyu," in ji Tela. "Har da nawa."

"Kai ka ajiye shi kana sharɓar majina don Bakanike ya tsira. In bar shi ya huce?"

"Hayaƙin murhu ne ya shiga min ido."

"Murhun yana bayan gida, munafuki." Ta ja numfashi. "Yaya bai saba ƙarya ba, shi ya sa da ya tashi yi ya zuba mata sukari da yawa. Da ya bar tsohon ya shigo yana masifa, yana cewa igiyar ta goge masa ciki, da ko a raina ban yi kokwanto ba. Allah Ya jiƙan Yaya. Allah Ya jiƙan Baba."

Muka ce amin.

Ta miƙe, ta tattara takardun huɗu, ta dangwara masa a gaba.

"Mayar da su."

"An riga an yanke."

"Kai ba tela ba ne? In ka yanke wuyan rigar mutum bisa kuskure, cewa kake ɓera ya ci?"

"Cewa nake sabon yayi ne."

"To yi min tsohon yayi. Yanzu, ina tsaye."

Ya yanko siraran ƙyallaye, ya manna ɗaya a gindin kowace takarda, ya zura zare a allura sai a karo na uku, ya fara bi. Tana tsaye a kansa tana ba da umarni: ya matsa nan, ya sassauta can, kada ya huda rubutu, kada gumi ya ɗiga. Ya ce da Kyaftin irinta ce da tun a tashar farko kowa ya sauka ya koma gida a ƙafa. Ta ce da shi ne bakaniken jirgin da har yau suna ƙasa, yana ce musu su dawo jibi.

Da ya kusa gamawa ya tambaya, bai ɗago kai ba.

"To in yaran sun zo wurin, wanne za a yi? Na marubucin ko na Mai Agogo?"

"Su karanta abin da ke rubuce. Ni in zauna ina kallon fuskokinsu. Wanda na ga zai iya ɗauka, in bar shi da shi. Wanda na ga leɓensa ya fara rawa, in ce a rufe littafi, kakarku ta san wani ƙarshen da ba a buga ba."

Tela ya ƙulle zaren, ya cije shi da haƙori, ya dube ta. Sai ya fashe da dariya har ya dafa tebur.

"Kin ci ni, 'yar Goggo. Wata uku ina ramewa a kan tsohuwar da ta fi ni taurin zuciya."

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wata jaka. Ta ƙyallaye ce, an haɗa su kala-kala, aljihu uku a ciki, kowanne daidai littafi ɗaya.

"Ungo. Ragowar yadin mutane ne, kada ki ɗauka don ke na je kasuwa."

Auta ta juya jakar ciki da waje tana neman aibu. Ta ja ɗinkin da ƙarfi, bai motsa ba. Ta ɗaga ta a haske, ta leƙa kusurwoyin. Ta zura littafin a aljihu na uku, ya zauna daram.

"Ba laifi," ta ce. "Wa ya ɗinka maka?"